Ku Fito da Hotunan Gulbi Daga Cikin Akwati

Ina miƙa gaisuwa ga mutanen Tambuwal da Dogon Daji da Jabo da Sanyinna da Romo, da 'yan'uwanmu na Kebbe da Kuchi da Girkau da Margai, da direbobin da ke kan hanyar Jega suna jin mu a mota.

Zan fara da tambaya, kowa ya amsa wa kansa. Shekara 15 ko 20 da suka wuce, ina bakin gulbi yake a mashigin garinku? In ka jefa wannan tambaya a majalisar dattawa bayan la'asar, amsa uku ko huɗu za ka ji. Wani zai ce ruwa har gindin tsamiyar can yake zuwa. Wani ya ce a'a, ai tsamiyar a tsakiyar gonar wane take, gulbi ne ya ci gonar ya matso. Wani kuma ya ce a da ko da rani sai da kwalekwale ake ƙetarawa, yanzu kuwa yaro sai ya naɗe wando ya wuce. Babu maƙaryaci a cikinsu. Kowa abin da ya riƙe yake faɗa, ita kuwa zuciya takan riƙe wani abu ta saki wani. To amma akwai shaidar da za ta raba wannan gardama, kuma tana nan cikin gidajenmu, a ƙasan akwati ko cikin kwaba, tare da tsofaffin caja da matattun wayoyi. Ina nufin ƙananan kyamarorin nan na dijital da suka yi tashe kafin wayar hannu ta karɓe aikin ɗaukar hoto, da memorin da ke cikinsu, wanda bai fi kan sarki girma ba.

Kun tuna su. Sony Cyber-shot, Canon, Nikon Coolpix, Kodak, Fujifilm, Olympus, Samsung. Yawancinsu masu ruwan azurfa, da 'yar igiyar ratayawa a hannu, in ka kunna sai idon ya zuro waje yana ɗan ƙara. Alhazai sun sha zuwa da su tsaraba daga Makka. Masu hoton biki da suna da saukar karatu sun ajiye kyamarar fim sun koma kansu. Malaman gona na shirin Fadama suna yawo da su a kan babur, domin rahoton ofis sai da hoto. 'Yan bautar ƙasa da aka turo makarantunmu daga kudu, waɗanda komai namu baƙo ne a idonsu, sun ɗauki raƙumi da rumbu da kasuwa da gulbi ba adadi. Kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan mutane ya taɓa tsayawa a bakin ruwa wata rana ya danna.

Zamanin wannan kyamara bai yi tsawo ba. A 1975 wani injiniya na kamfanin Kodak a Amurka, Steve Sasson, ya harhaɗa ta farko, mai nauyin sama da kilo 3, wadda ke ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya a kan kaset. A 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamarori wajen miliyan 121 a shekara ɗaya. Daga nan waya ta shigo, kasuwar ta faɗi. Kodak ɗin kansa ya shelanta karyewa a 2012, kuma a 2023 abin da aka fitar bai kai miliyan 8 ba. A nan wajenmu, 'yan shekaru ne kawai kyamarar ta yi a hannun jama'a, daga tsakiyar shekarun 2000 zuwa lokacin da Tecno da 'yan'uwanta suka cika gari. Amma ku duba abin da ya faɗo cikin waɗannan 'yan shekaru. Ambaliyar 2010 da ta ɗaiɗaita garuruwan bakin Rima tana ciki. Ta 2012 da ta game ƙasa tana ciki. Kafin wannan lokaci hoto tsada gare shi, ba mai ɓata fim a kan yashi da ciyawa. Bayansa kuwa hotuna sun koma cikin wayoyin da aka sace, ko suka faɗa ruwa, ko aka goge don a sami wurin sabon bidiyo. Abin da ke kwance a waɗannan memori, ta yiwu shi ne tarin hoto mai kwanan wata na farko da aka taɓa yi wa gulbinmu daga ƙasa, da idon ɗan gari.

Abin da ya sa na taso da maganar yau shi ne, tun wajen 2022 waɗannan kyamarori sun sake yin farin jini a Amurka da Turai da Japan. Samari da 'yan mata suna nemansu a shagunan gwanjo, suna ɗaukar hoto suna sakawa a TikTok da Instagram, har kuɗinsu ya tashi. Akwai kuma masu sha'awar da suka ware kansu ga hoton koguna da fadamu da duwatsu, suna musayarsa a tsakaninsu, kowa yana faɗin irin kyamararsa da shekarar da aka ƙera ta. Sukan ce launin tsohuwar kyamara ya fi kama da abin da ido ya gani, wasu su danganta hakan ga irin ɗan faifan kama haske da ke cikinta, wanda ake kira CCD. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu. Wayar zamani in ka danna ba hoto ɗaya take ɗauka ba. Da yawa take ɗauka a tare ta gauraya su, ta haska inda ke da duhu, ta ƙara wa sama shuɗi, ta goge abin da take ganin datti ne. Ga hoton amarya wannan ya yi. Ga gulbi kuwa akwai hasara. Jan ruwan nan na watan Agusta, mai kauri da laka, shi ke gaya maka yawan ƙasar da ruwa ya kwaso daga gonakin sama. Hazon hunturu da ke rufe giginyun tsallake, shi ma labari ne. Tsohuwar kyamara ba ta da dabarar gyara su sosai, sai ta bar maka su kusan yadda suke. Kuma idonta da gilashi yake jawo abu kusa, ninki uku, wata biyar, wata goma, shi ya sa za ka tsaya a wannan gaɓa ka ɗauko zalɓe a waccan ba tare da hoton ya dagule ba.

Ban ga laifin matasan can ba, sha'awa ce mai kyau. Sai dai su kwalliya suke nema, mu kuwa shaida muke buƙata, domin gulbin Zamfara shi ne tukunyarmu. Daga ƙasar Anka da Bukkuyum yake gangarowa, ya ratsa Gummi, ya shigo mana Kebbe, ya wuce Jega, ya je ya haɗu da gulbin Kabi, su tafi tare su zuba a Kwara. Jiha uku yake shayarwa. Shinkafar fadama da albasa da tattasai da rake, da tarwaɗa da gargaza da kurungun da Sarkawa ke kawowa kasuwa, da mashayar shanun Fulani da rani, duk a kansa suke. Amma in ka shiga intanet ka nemi hoton gulbi a wannan yanki, Matan Fada, inda ake bikin su na Argungu, za ka yi ta gani. Bikin Argungu ya cancanci haka, tun 1934 ake yinsa a wannan tsari, kuma a 2016 UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake karewa. Sai dai kwana kaɗan ne a shekara, kuma wuri ɗaya ne. Gulbin da ke aiki ranar Talata da safe a mashigin Kebbe, ko tafkin Romo a ranar da ba a su, babu mai zuwa daga Abuja ya ɗauke su. In mu ba mu nuna ba, ba wanda zai nuna.

Bari in siffanta muku hoto ɗaya, tunda rediyo ba ya nuna hoto. Wani malamin makaranta ne a ƙasar Kebbe ya buɗe mini shi a kwamfutarsa. A kusurwar ƙasa ta dama akwai kwanan wata da lambobi masu ruwan lemo, watan Maris na 2009. Ɗalibansa ya je ɗauka, ga su nan su biyar a tsaye a gefe, rabin fuskar ɗaya ma ta fita daga hoton. Amma ni bayansu na kalla. Yashi ne fari ya shimfiɗu har tsakiyar gulbi, ruwan ya koma siriri ya bi gaɓar tsallake. Kwalekwale ɗaya a kife a kan yashi, gora biyu na masunta a kusa da shi. A kan gaɓar akwai giginya uku a jere, da gawo ɗaya cike da ganye, ka san rani ne. Daga gindin giginyar farko zuwa inda gaɓa ta yanke, akwai fili da aka yi wa kunya-kunya na albasa. Malamin ya sa yatsa a kan wannan fili ya ce mini yau babu shi, ruwa ya ci, giginyar farkon ma ta faɗa. Da baki ya faɗa mini kawai, da na ce to, Allah Ya kyauta, mu wuce. Da na gani da kwanan wata a jiki, sai maganar ta zama abin da za a iya aunawa: daga shekara kaza zuwa shekara kaza, gulbi ya matso taki kaza.

Wannan hanya masana sun daɗe da saninta, kuma wani da ya yi aiki da ita ba baƙonmu ba ne. Michael Mortimore, Baturen da ya koyar da ilimin ƙasa shekaru masu yawa a Zariya da Kano, shi da Mary Tiffen da Francis Gichuki sun fitar da littafi a 1994 a kan yankin Machakos na ƙasar Kenya. Sun samo hotunan da aka ɗauka a 1937, lokacin da Turawan mulki suka yanke cewa ƙasar ta lalace, zaizaya ta gama da ita. Suka nemo daidai inda mai hoton ya tsaya, suka sake ɗauka bayan shekara hamsin da 'yan kai. Sai ga tsaunukan da suke tsirara a da sun cika da itatuwa da gonaki masu matakala, alhali jama'a sun ninka sau da yawa. Hotuna biyu a jere suka rushe abin da manyan ofisoshi suka ɗauka tabbas ne. Na kawo wannan misali da gangan. Ba na cewa duk tsohon hoto zai nuna mana lalacewa. Wani zai nuna gaɓa ta zube, ko kachala ta toshe hanyar ruwa, ko gauraka da dinya sun daina zuwa. Wani kuma zai nuna inda dā fako ne yau lambun mangwaro ne, saboda wani bawan Allah ya haƙa rijiya ya dage. Duka biyun muna buƙatar sani.

Wani zai ce ai tauraron ɗan'adam na ɗaukar komai. Haka ne, tun 1972 taurarin Landsat ke ɗaukar duniya, da su aka ga yadda tafkin Chadi ya tsuke. Amma ɗigo ɗaya a irin wannan hoto faɗin mita 30 ne a ƙasa. Ba zai nuna maka tsayin gaɓa ba, ko inda ambaliyar 2020 ta bar alama a jikin ƙafar gada, ko inda burtali ya sauko mashaya kafin a nome shi. Injiniyan da zai gina kwalbati yana buƙatar wannan alama. Jami'in agaji da ya zo ƙidayar hasara bayan ambaliya yana buƙatar ganin yadda gonar take kafin ruwa. Hakimi ko dagacin da ke sulhu tsakanin manomi da makiyayi, tsohon hoto ba zai yanke masa hukunci ba, amma zai rage masa rantse-rantse.

To yaya za a yi? Abu na farko, memori ya fi kyamarar daraja. Kada ka sayar wa ɗan jari-bola ko mai sayen tsofaffin kaya kyamara da memori a ciki. Zare shi tukuna. Ko kyamarar ta mutu, hotunan na iya kasancewa lafiya. Sai dai ba su dawwama. Memorin da ya shekara goma ba a sa shi a wuta ba yana iya fara zubar da abin da ke ciki, faifan CD ɗin da aka kwafa a shagon kwamfuta kuwa zafin ɗakunanmu na cinye shi. Ka kai wa mai kwamfuta ya karanta maka da abin karanta memori. Na SD ba wuya, har da waya ana buɗe shi in akwai ɗan abin haɗawa. Na Sony dogo ne siriri, na Olympus da tsofaffin Fujifilm kuma ƙarami ne mai suna xD, waɗannan sai an nemi abin karatu mai baki da yawa. Ka tsaya a kansa a kwafa a gabanka, domin akwai hoton iyali a ciki. In kwamfuta ta nemi a wanke memorin, kada ka yarda, wankewa gogewa ce. Ka ajiye kwafi a wuri biyu ko uku, waɗanda suka fi muhimmanci kuma a buga maka su a takarda.

In kana son tayar da kyamarar, duba batir. Wanda ya kumbura a yar da shi nesa da wuta da yara. Masu cin ƙananan batir biyu irin na rediyo sun fi sauƙin sha'ani. In ka sayo sabon memori mai girma ta ƙi karɓa, ba lalacewa ta yi ba: da yawa daga cikin waɗanda aka ƙera kafin 2006 ba sa karanta abin da ya wuce giga 2. Ƙurar hunturu ce babbar abokiyar gabarta, in ta shiga sai idon ya maƙale, don haka a riƙa naɗe ta a tsumma a sa a jaka. Kuma kafin ka ɗauki ko hoto ɗaya, gyara kwanan wata. Da an cire batir ya daɗe sai agogonta ya koma baya, ka ɗauki hoto yau ta rubuta maka 2005.

Daga nan sai ka ɗauki tsohon hoton a hannu ka je ka nemi inda aka tsaya. Nemi abin da ba ya motsi, hasumiyar masallaci, ko gada, ko dutse, ko kuka. Ka ɗauka a watan da aka ɗauki na farko, da safe in da safe ne, domin gulbin Maris da na Satumba ba a gwada su da juna. Kada ka damu cewa kyamararka megafiksel 5 ce ko 7. Ya isa a buga hoto mai girman shafin littafi, kuma fayil ɗin ƙarami ne, ba zai cinye maka data ba.

Wajen rabawa kuwa, nan ne nake so ku ba ni kunnuwanku sosai. Hoton da ba suna ba kwanan wata maraya ne. Kowace damina muna ganin hoton ambaliyar wata ƙasa ana yawo da shi an ce garin wane ne, yanzu ma har kwamfuta na ƙirƙiro wanda bai taɓa faruwa ba. Maganin wannan shi ne namu ya fita da cikakken bayani: sunan mashigi, sunan gari, wata da shekara, wanda ya ɗauka, da gefen da ya fuskanta. Ku sani kuma, kowane hoto na kyamara yana ɗauke da ɓoyayyen bayani a cikinsa, ranar ɗauka da sa'a da irin kyamara. In ka tura shi a WhatsApp yadda aka saba, sai a matse shi a zubar da wannan bayani. In ka tura shi a matsayin dokumen, zai isa yadda yake. Zaurukan WhatsApp na gari da shafukan Facebook sun yi kyau don dangi na Legas da Abuja su gani su yi tsokaci, sau da yawa ma a nan wani dattijo zai gane wurin ya ƙara bayani. Amma ba ma'ajiya ba ne, bayan mako biyu hoton ya nutse. Wanda ke son nasa ya daɗe ya ɗora shi a Wikimedia Commons, rumbun da Wikipedia ta Hausa ke ɗibar hoto a ciki. Kyauta ne, kuma akwai gasar Wiki Loves Africa da ake yi tun 2014. Sharaɗin shi ne ka yarda kowa ya yi amfani da hoton muddin ya ambaci sunanka. Ka san da haka kafin ka ɗora.

Ga masu jin nauyin hoto saboda addini, malamanmu sun yi bayani a kan hoton mai rai kuma kowa ya san inda ya tsaya, amma hoton ruwa da itace da yashi ba shi ne abin saɓani ba. Abin da ya wajaba a kiyaye shi ne mutuncin jama'a. Bakin gulbi wurin wanka ne da wanki. Kada a ɗauki mata, kada a ɗauki yara tsirara, in kuma suna cikin tsohon hoto, wannan ya zauna a gida. Masunci ko mai fito, a yi masa sallama a nemi izini, a sanar da Sarkin Ruwa. Sannan kun fi ni sanin halin da wasu dazuzzukanmu ke ciki a kudancin jihar Sakkwato. Babu hoton da ya kai rai. Inda ba a zuwa kada a je, inda jami'an tsaro suka kafa shinge kada a ɗaga kyamara, kuma kada a saka hoton da zai nuna wa mugu inda garke ke kwana ko hanyar da mutane ke bi su tsira.

Ina kira ga shugabannin makarantun sakandare na Tambuwal da Kebbe, su ba malamin ilimin ƙasa dama ya sa ɗalibai su tattaro irin waɗannan hotuna daga gidajensu, a sake ɗaukar sababbi, a manna su bibbiyu a allo. Ina kira ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, su buɗe ƙofar karɓar kwafi daga hannun jama'a, su rubuta sunan mai kowane hoto. Tsofaffin malaman gona da masu hoton biki da suka yi ritaya, ku ne manyan masu wannan dukiya, kada ku bari magada su zubar da ita a shara ba su san me ke ciki ba.

Kai kuma mai sauraro, yau in ka koma gida ka buɗe akwatin nan. In ka sami memori, ranar kasuwa mai zuwa ka kai a kwafa. In akwai gulbi ko tafki ko fadama a ciki, ka rubuta suna da shekara, ka koma wurin ka sake ɗauka kafin ruwan bana ya sauko, ka tura wa 'yan garinku su gani.